Karkarwar da Ke Ƙarƙashin Kujera

Akori-kura ce, tsohuwar Toyota Hilux, aikinta ta kwashi tumatir da attaruhu daga lambunan bakin madatsar Wasai zuwa kasuwar Yankaba, ta juyo da taki zuwa gonakin Minjibir. Bayan damina sai ta tsiri karkarwa. Da gudu ya haura kilomita 60 a awa, kujera ta kama rawa ke nan. Direban ya kai tayoyi balansin, ya canza shokozoba, kuɗin lodi biyu suka tafi, ba ta canza zani ba.

Wani dattijon bakanike a Kunya ne ya karɓi aikin, kuma bai fara da sifana ba. Ya sa aka taka totur mota na tsaye, ba karkarwa. Inji ya fita daga zargi. Sannan ya shiga gaba ya ce a ja.

"Direba, a hannu kake jin ta ko a mazauni?"

"A mazauni, Baba. Sitiyari lafiya lau."

"To, ka bar tayoyin gaba su huta."

Ya sa aka bi ta jikin wata doguwar katanga a hankali, gilashi a sauke. Sai ga wani siririn kuka yana dawowa daga bango, ciu-ciu-ciu, saurinsa ya fi juyin taya nesa ba kusa ba. Wannan ne ya fi burge ni a aikin nasa, domin lissafi ne tsantsa. A irin wannan mota mai ja da baya, farfela ce ke ɗauko ƙarfi daga giyabos zuwa aksul, kuma takan juya kusan sau 4 kafin taya ta juya sau 1. Kukan da ya ninka juyin taya haka, ba daga taya yake ba. Da aka sa ribas aka saki kulochi, sai aka ji ƙwas a ƙarƙashi.

Aka sa giya a firi, aka tokare tayoyi da duwatsu, ya shiga rami. Ya riƙe farfela da hannu ɗaya, ɗayan a kan filanjin aksul, ya murɗa. Ta yi wasa. A gefen kuros ɗin baya ga jan gari nan kamar an barbaɗa barkono, tsatsa ce ta ƙarfen da ya ci kansa. Kuros ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu da hularsa, cikin hular kuma siraran allurai ne jere a cikin giris. Ruwa da laka na damina sun shiga, kan giris ɗin ya toshe, allurai suka bushe suka nike.

Ya ja layin alli a mahaɗai kafin ya kwance. Ya zare kilif, ya fitar da huluna, ya sa sabon kuros da aka sayo a Kofar Ruwa, yana dubawa kada allura ɗaya ta kwanta a gindin hula, don in ta kwanta kilif ba zai zauna ba. Aka ɗaura bisa alli, aka fita gwaji.

Kuka ya tafi, ƙwas ya tafi, amma karkarwa ta ragu ne kawai.

"Wannan kuros ɗin da na cire, yaushe aka sa shi?"

"Ko shekara bai yi ba, Baba. Lokacin da aka sauke giyabos don kulochi."

Dattijon ya koma rami, ya hangi farfelar daga wannan kai zuwa wancan. Kunnuwan da ke riƙe da kuros ɗin gaba da na baya ba sa kan layi ɗaya. Wanda ya yi aikin kulochi ya raba farfelar a mahaɗarta mai haƙora, ya mayar yadda ta shiga kawai, allin yau kuma ya adana wancan kuskure.

Abin da yawancin direbobi ba su sani ba shi ne, kuros in yana aiki a karkace ba ya juyi bai ɗaya. A kowane zagaye yakan yi sauri sau biyu, ya lafa sau biyu. Na biyun ne ke goge wannan tangarɗa, muddin kunnuwansu na kallon gefe guda. In sun saɓa, sai su riƙa fizgar juna, lodin taki kuma ya danne bayan mota ya canza kusurwa. Wannan ma yana cikin abin da ya kashe kuros tun bai tsufa ba, kuma da an tafi a haka, sabon ma bin sa zai yi. Ba na ɗaukar wannan ƙaramin abu, don in kuros ɗin gaba ya tsinke ana gudu, kan farfela na iya cakar ƙasa ya wuntsila mota da mutanen da ke kan lodi.

Ya zare mahaɗar, ya juya haƙoran har kunnuwa suka daidaita, ya ɗura giris sai da ya ɓullo ta hula huɗun. A hanyar Kwanar Dumawa suka kai 80 lami lafiya. Saura robar bayan giyabos da jijjigar ta sa take yoyon mai, ita kuma ya ce a dawo da motar ranar da ba lodi.