Yadda ake shawo kan danshi a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na tsofaffin gidajen Birtaniya

A biranen Landan da Manchester, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen da aka gina tun zamanin Sarauniya Victoria na daga cikin wuraren da ɗalibai da sabbin baƙi ke kamawa haya, saboda sauƙin kuɗinsu. Sai dai galibi ba a daɗewa mai ɗaki ke fara jin warin rima, ya ga fenti yana ɓarewa, fumfuna kuma ta yi baƙi a kusurwa.

Lamarin ya wuce na ƙyanƙyami. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka danganta zama cikin danshi da cutar asma da sauran cututtukan numfashi. Mutuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, a garin Rochdale a 2020 sakamakon shaƙar fumfuna a gidansu, ita ta haifar da dokar da ke tilasta wa masu gidajen haya na jama'a a Ingila gaggauta gyara.

Daga ina ruwan yake?

Kafin a kashe ko kwabo, sai an gano tushen ruwan. Hanya mai sauƙi ita ce a liƙa leda a jikin bango, a rufe gefunanta, a bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru tsakanin ledar da bango, daga ƙasa ruwan ke ratsowa. Idan kuwa a bayanta ta taru, to daga iskar ɗakin yake.

Ruwan da ke ratsowa sau da yawa daga waje maganinsa yake: gyaran indararon da ya toshe, da bututun da ke yoyo, da karkatar da ƙasar tsakar gida domin ruwan sama ya gangara nesa da ginin.

Bango mai numfashi

An gina tsofaffin gidajen ne da jan bulo da kwaɓin farar ƙasa, waɗanda ke shan laima su sake ta, kamar yadda randa ke tsattsafo. Shafa musu siminti ko fentin hana ruwa kan kulle laimar a ciki, ta ɓulla ta wani wuri, bulon kuma ya riƙa ruɓewa.

Shi ma buɗe taga ba kullum yake amfani ba. Iska mai zafin digiri 25 a ma'aunin Celsius na iya ɗaukar tururi kimanin ninki biyu da rabi na wanda mai digiri 10 ke ɗauka. Don haka a lokacin zafi, iskar waje na shigowa ta taɓa bango mai sanyi, sai ta zubar da ruwanta. Gara a buɗe a ranar da iska ke da sanyi kuma a bushe.

Ana so danshin iskar ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kuma ƙaramin ma'auni mai araha na nuna hakan. Na'urar tsotse danshi na taimakawa, amma irin mai kwamfuresa ƙarfinta na raguwa a ɗaki mai sanyi, inda mai sinadarin shanye laima ta fi aiki.

Sauran matakan sun haɗa da daina shanya a cikin ɗaki, da janye kayan ɗaki daga jikin bango. Ɗan haya kuma ya sanar da mai gida a rubuce, tare da hotuna da kwanan wata, tun tabon bai bazu ba.