Tsuntsu Ɗaya, Suna Ɗaya, Ma'ana Uku: Tarihin Sunan Petroica multicolor

1. Gabatarwa

A cikin Tekun Pasifik, kimanin kilomita 1,400 gabas da Ostiraliya, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Norfolk, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 35 ba. A dajin wannan tsibiri ne kaɗai ake samun wani ƙaramin tsuntsu mai cin ƙwari, tsawonsa wajen santimita 12 zuwa 13. Namijin baƙi ne a kai da baya, da ɗigon fari a goshi, da ja a ƙirji. Macen kuwa launinta ƙasa-ƙasa ne, janta bai kai na namijin ba. Turawan Ingilishi suna ce masa robin na Norfolk, masana kuma suna ce masa Petroica multicolor. A wannan maƙala za mu bi diddigin sunan nan, domin mu nuna yadda kalma takan tsaya yadda take, alhali abin da take nufi yana faɗaɗa yana kuma tsukewa.

2. Sunan gama-gari

Kalmar robin asalinta sunan mutum ne, wato taƙaitawar Robert, aka laƙaba wa wani tsuntsun Turai mai jan ƙirji wanda masana ke kira Erithacus rubecula. Da Ingilishi suka bazu a duniya, duk inda suka ga tsuntsu mai ja a ƙirji sai su ba shi sunan na gida. Haka suka yi a Amurka da Turdus migratorius, haka kuma suka yi a Ostiraliya da tsibiran da ke kewaye da ita. Kamanni ne kawai ya haɗa waɗannan tsuntsaye uku. Kowanensu danginsa dabam. Saboda irin wannan ruɗani ne masana suka ga ba su iya dogara ga sunan da jama'a ke amfani da shi.

3. Ƙa'idar suna biyu

Tsarin da ake bi a yau na masanin nan ne ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, kuma game da dabbobi ana fara lissafi daga bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, na shekarar 1758. Kowace halitta tana da kalma biyu a sigar Latinanci: ta farko ita ce ta jinsi, ta biyu ta nau'i. Jinsi da yawa su ne ke yin dangi ɗaya, nau'i kuma yana iya rabuwa rassa-rassa. Akwai wata ƙa'ida da ya kamata mai karatu ya riƙe, gama ita ce ginshiƙin wannan labari: suna yana manne da tsuntsun da aka fara bayyanawa da shi, kuma in sunaye biyu suka haɗu a kan nau'i ɗaya, wanda ya riga fitowa shi ake ɗauka.

4. Daga Muscicapa zuwa Petroica

James Cook ya isa tsibirin Norfolk a 1774, ya tarar ba kowa zaune a cikinsa. A 1783 John Latham ya siffanta tsuntsun a Ingila, amma da sunan Ingilishi kaɗai, mai ma'anar "macafkin ƙuda mai jan ciki". Sai a 1789 Bajamushen nan Johann Friedrich Gmelin, da yake sabunta littafin Linnaeus, ya dogara ga bayanin Latham ya raɗa masa Muscicapa multicolor. Musca ƙuda ke nan a Latinanci, capere kuma kamawa; multicolor na nufin mai launi da yawa. Wato Gmelin ya jera shi cikin tsuntsaye masu cafke ƙuda na Turai da Afirka, ganin yadda yake cin abinci.

A 1829 William Swainson ya ƙirƙiri sabon jinsi, Petroica, daga kalmomin Girkanci biyu: petros, dutse, da oikos, gida. Tsuntsun ya koma can da rabin sunansa, ya zama Petroica multicolor. Daga baya, a shekarun 1980, binciken ƙwayoyin gado na Charles Sibley da Jon Ahlquist ya tabbatar da cewa dangin Petroicidae tsohon tsatso ne na yankin Ostiraliya. Abin mamaki shi ne, robin na Turai shi ne a yau ake lissafawa cikin dangin masu cafke ƙuda, inda Gmelin ya sa na Norfolk, shi kuwa na Norfolk an fid da shi.

5. Faɗaɗa da tsukewa

A ƙarni na 19 an yi ta samun masu kama da shi a wasu wurare. Na babban yankin Ostiraliya da Tasmaniya, René Lesson na Faransa ya ba shi boodang, kalmar da aka aro daga harshen ƴan asalin ƙasar. Na tsibiran Samowa, Titian Peale na Amurka ya ba shi pusilla, wato ɗan mitsitsi. A mafi yawan ƙarni na 20 masana sun ɗauki duka waɗannan a matsayin rassan nau'i ɗaya. Tun da sunan Gmelin ya fi sauran tsufa, shi aka ɗora wa gaba ɗayansu. Ta haka sunan tsuntsun ɗan tsibiri ya rufe tsuntsayen da ke zaune tun daga yammacin Ostiraliya har Fiji da Samowa. Ma'ana ta farko ke nan a zamaninmu.

A 1999 Richard Schodde da Ian Mason suka ware na Ostiraliya, aka mayar masa da sunansa Petroica boodang. Multicolor ya rage ga tsuntsayen tsibirai: Norfolk, Sulaiman, Banuwatu, Fiji da Samowa. Ma'ana ta biyu ke nan.

Sa'an nan a 2016 aka buga binciken Anna Kearns da abokan aikinta, waɗanda suka ciro ƙwayoyin gado har daga tsofaffin fatun tsuntsaye da ke ajiye a gidajen tarihi. Sakamakon ya nuna cewa na Norfolk ba tsatso ɗaya ne da na sauran tsibirai ba, ko da yake ido na ganin kama. Da aka raba su, ƙa'idar nan ta sake aiki: multicolor ya tsaya wurin tsuntsun da Gmelin ya nufa, na Fiji da Samowa kuma suka ɗauki pusilla. Ma'ana ta uku ita ce ta asali, bayan shekara fiye da 200.

6. Abin da ke cikin suna

Kada mai karatu ya ɗauka gardamar malamai ce kawai. Muddin ana lissafa tsuntsun Norfolk a matsayin reshen wani nau'i mai yawa, ƙarancinsa yakan ɓace cikin yawan ƴan'uwansa, domin manyan jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa nau'i suke ƙidayawa. Alhali tun da Ingilishi suka kafa zangon fursunoni a tsibirin a 1788 ake saran dajinsa, ɓeraye da kyanwoyi da suka biyo mutane kuma suna cin ƙwai da ƴaƴansa. Akasarin waɗanda suka rage suna cikin gandun dajin gwamnati da ke kewaye da Dutsen Pitt. Da ya zama nau'i mai zaman kansa, sai ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa.

7. Kammalawa

Darasin da mai nazarin harshe zai ɗauka a nan shi ne, ganin kalma a rubuce bai isa ba, sai an san shekarar da aka rubuta ta. Wanda ya ci karo da Petroica multicolor a littafin 1980, da na 2005, da na 2020, abu uku dabam-dabam ya karanta. Mai fassara ko mai shirya ƙamus da bai lura da wannan ba yana iya danganta wa tsuntsun Norfolk halin tsuntsun Tasmaniya, bai sani ba.