Ko Kun Sani? Ranar Rediyo da Masu Saurare a Bakin Iyaka

Ko kun san cewa ƙasar Sifen ce ta kai wa hukumar UNESCO shawarar ware ranar rediyo ta duniya? An amince da ita a 2011, aka zaɓi 13 ga Fabrairu, domin a wannan rana ce ta 1946 aka kafa gidan rediyon Majalisar Ɗinkin Duniya. Sashen labaran Majalisar yana aiki da Sifaniyanci, har da Swahili, amma babu Hausa a ciki. Wannan giɓi ne da ya kamata a cike.

Mutanen Garu da ke Illela, a bakin iyakar Nijar, tuni suka saba da wasu muryoyin. BBC ta fara shirin Hausa ranar 13 ga Maris 1957, Muryar Amurka a 1979, RFI ta Faransa kuwa a 2007.

Shugaban sashen Hausa na irin waɗannan gidajen rediyo ba ƙaramin kaya ya ɗauka ba. Takwaransa na Sifaniyanci yana tsara labarai ne don ƙasashe kusan 20. Shi kuma na Hausa, jimla ɗaya ake ji a Illela da Birnin Ƙonni na Nijar a lokaci guda, ƙarƙashin gwamnatoci biyu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyakar, 'yan kasuwar albasa da dabbobi sun kasa kunne ga rediyo. Sai dai mahukuntan Yamai sun dakatar da RFI a watan Agusta na shekarar, sannan BBC na wata uku a Disamba 2024.