Idan farantin keke ya lanƙwashe

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa fita daga Kelle za ka Gure, sarƙar kekenka ta yi ta faɗuwa a hanya? Ka sauka ka mayar, ka yi gaba kaɗan, ta sake zamewa. Hannu duk baƙin mai, rana kuwa tana yi. Da yawa sai su ce sarƙa ce ta yi tsawo, su rage mata ido ɗaya. Sau da yawa kuwa ba laifin sarƙa ba ne. Faranti ne ya lanƙwashe.

Faranti shi ne ƙarfen nan mai haƙora da ke manne da feda ta dama. Waɗansu masu gyara na ce masa plato. In ka taka feda, shi ne ke jan sarƙa, sarƙa ta juya tayar baya. A ƙasar Kutus ba shi da wuyar lanƙwashewa. Keke ya faɗi ta dama a kan dutse, ko a ɗora shi saman mota ranar kasuwa a danne shi da buhun hatsi, shi ke nan.

Ga mai keke mai inji, abin ya fi muni. Irin wannan keke sarƙa biyu gare shi: ta inji a hagu, ta feda a dama. Haka ma mobilet, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1949, tana da sarƙa biyu. Kada ka ce ai inji ke ja, ina ruwanka da feda. Da feda ake tayar da ƙaramin injin nan da ake ɗaura wa keke. Sai ka taka, keke ya yi gudu, ka saki kuloci, sannan ya kama. To, in sarƙar feda ba ta zama, inji lafiyarsa lau amma ba zai tashi ba. Ka tuna ranar da za ka kai yaro likita da dare.

Yaya za ka gane? Ka sa wani ya ɗaga maka tayar baya. Ka riƙe alli, irin wanda malam ke rubutu da shi a allo, ka jingina hannunka da jikin keke, bakin allin ya kusa taɓa gefen faranti. Sai ka juya feda a hankali. Faranti mai lafiya zai wuce ba tare da ya taɓa alli ba. Wanda ya lanƙwashe kuwa zai goga a wuri guda, ya ɗauki fari. Nan ne ciwon yake.

In lanƙwasar kaɗan ce, kai ma kana iya gyarawa. Ka zare sarƙa daga kan faranti. Ka samo sufana irin wadda ake ƙara wa baki a rage, ka kama wurin da alli ya nuna, ka matse ta sosai. Ka tanƙwara kaɗan, ka saki, ka sake juyawa ka duba. Kaɗan-kaɗan fa! Wanda ya ja da ƙarfi sau ɗaya, sai ya wuce da shi ɗaya gefen. Ƙarfe kuwa in an yi ta kai shi ana dawo da shi, tsagewa yake yi. Ni dai ba na son ganin mutum ya ɗauki guduma yana dukan faranti yana jikin keke. Dukan yana ratsawa har cikin boris, gobe ka ji feda tana ƙas-ƙas, ka sake kashe kuɗi.

Amma ka dubi haƙoran tukuna. In sun yi tsini kamar ƙaya, ko sun karkata gefe guda, ko ka ga tsaga, kada ka wahalar da kanka. Sabo za ka saya. Rairayin ƙasarmu ne ke cinye su: in ya haɗu da mai, sai ya yi ta goge ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Don haka ka riƙa wanke sarƙa da kananzir, ka sa mai kaɗan, ka goge sauran da tsumma.

Kafin ka aika a sayo maka a Gure ko Damagaram, ka ƙirga haƙoran tsohon, ka rubuta a takarda. Ga amfanin ƙirgar. In na baya 18 ne, na gaba 36, taku ɗaya zai juya taya sau 2. In na gaba 44 ne, zai juya ta kusan sau 2 da rabi. Mai 44 ya fi gudu a kan kwalta, mai 36 ya fi sauƙin taku cikin rairayi. In ka koma ƙarami, dole a rage tsawon sarƙa. Mafi kyau ma ka ba ɗan aike tsohon ya tafi da shi a gwada.

Mai inji kuma ya lura da hannun feda. Inji yana zaune a tsakiyar keke, wani yana da faɗi. Hannun feda na keke zalla yakan buge shi ko salansa a kowane juyi, kuma wannan bugun kansa yana karkatar da faranti. Akwai hannu mai faɗi da aka yi don haka, wanda ya buɗe waje, wani lokaci tare da sandar tsakiya mai tsawo. Ka sa sabon faranti a kan tsohon hannu da ke bugun inji, ba ka yi komai ba.

Wajen kwancewa, yawancin kekunanmu wata gajeriyar ƙusa ce ke riƙe da hannun feda, masu gyara na ce mata kota. Ka sassauta notinta har ya yi daidai da bakinta, ka tokare hannun da itace daga ƙasa, sannan ka buga sau ɗaya da ƙarfi. Wajen mayarwa, in kotar dama ta shigo daga sama, ta hagu ma ka sa ta daga sama lokacin da ka juyo da hannunta wuri ɗaya. In ka yi kuskure, fedoji biyu ba za su miƙe daidai ba. Fedar hagu kuma a juye ake ɗaure ta. Inda ka saba kwancewa, nan ita take ɗauruwa.

Da ka gama, ka ja tayar baya har sarƙa ta bar ɗan wasa kamar kaurin yatsa, ka ɗaure. Ka sake ɗaukar alli ka gwada kafin ka hau.