Lambunan da Amurkawa ke shukawa don ceto malam-buɗe-littafi

Dubban mutane a Amurka da Kanada na ware wani ɓangare na farfajiyar gidajensu suna shuka wani tsiro da manoma suka daɗe suna ɗauka a matsayin ciyawar banza, da nufin ceto wani nau'in malam-buɗe-littafi wanda yawansa ya ragu matuƙa cikin shekaru talatin da suka wuce.

Shi dai wannan ƙwaro, da ake kira monak, wato basarake, yana da fukafukai masu launin ruwan goro da baƙin zane da ɗigo-ɗigon fari a gefe, kuma nauyinsa kimanin rabin giram ne.

Amma duk da ƙanƙantarsa, a kowace shekara daga ƙarshen watan Agusta yakan tashi daga kudancin Kanada da arewacin Amurka, ya yi tafiyar da kan kai kilomita 4,000, domin ya guje wa sanyin hunturu a kan tsaunukan tsakiyar ƙasar Meziko.

Mazauna tsaunukan sun daɗe da sanin zuwan waɗannan baƙi a farkon watan Nuwamba, amma masana kimiyya ba su gano inda suke sauka ba sai a watan Janairun 1975, lokacin da Ken Brugger da Catalina Aguado suka isa wurin. Su biyun suna taimaka wa Fred Urquhart ne na Jami'ar Toronto, wanda ya shafe shekaru da dama yana manna wa ƙwarin 'yar alama a fiffike don bin sawunsu.

A shekarar 2008 hukumar UNESCO ta sanya dajin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Yadda ake auna raguwar

Da yake ba zai yiwu a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ba, masana kan auna faɗin dajin da ƙwarin suka lulluɓe ne a lokacin hunturu, inda suke yin cincirindo a jikin itatuwa har rassa su rusuna.

A hunturun 1996 zuwa 1997 sun mamaye hekta 18 da ɗoriya, kwatankwacin filayen ƙwallon ƙafa 25. A hunturun 2013 zuwa 2014 kuwa, wurin da suka mamaye bai kai girman fili guda ba, domin hekta 0.67 ne kacal.

Tun daga lokacin adadin ke hawa da sauka. An auna hekta 0.9 a hunturun 2023 zuwa 2024, sannan ya ƙaru zuwa hekta 1.79 a shekarar da ta biyo baya. Gwamnatin Amurka dai a shekarar 2015 ta ɗora wa kanta burin ganin adadin ya kai hekta 6.

A watan Yulin 2022 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya monak mai yin ƙaura cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ko da yake a 2023 ta sassauta matsayin nasa bayan sake nazarin alƙaluma.

Matsalar ba ta tsaya kan monak kaɗai ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a watan Maris na 2025 ya nuna cewa yawan malam-buɗe-littafi baki ɗaya a Amurka ya ragu da kashi 22 cikin ɗari tsakanin shekarar 2000 da 2020.

Tsiro guda tilo

Abin da ya sa mai lambu ke da rawar takawa a nan shi ne yadda rayuwar ƙwaron take.

Babban malam-buɗe-littafi mai tashi sama yana iya shan ruwan zaƙi daga furanni iri-iri. To amma kafin ya yi fukafukai sai ya fara zama ƙwai, sannan tsutsa, sannan ya ƙudundune cikin wani kwanso na kusan mako biyu kafin ya fito.

Ita kuwa tsutsar monak ba ta cin ganyen komai sai na wani tsiro da Amurkawa ke kira milkwid, saboda farin ruwa mai kama da nono da yake fitarwa idan aka karya shi. Tsiron dangin tumfafiya ne na kusa, don haka ana iya kiransa tumfafiyar Amurka.

Macen kan sauka a kan ganye ta ɗanɗana shi da ƙafafunta. Idan ta tabbatar shi ne, sai ta ajiye ƙwai guda a ƙarƙashinsa ta wuce gaba, kuma a tsawon rayuwarta takan saka ƙwai ɗari uku zuwa ɗari biyar.

Farin ruwan tsiron na ɗauke da dafi, wanda tsutsar ke tarawa a jikinta ba tare da ya yi mata lahani ba. Gwaje-gwajen da masani Lincoln Brower ya yi a shekarun 1960 sun nuna cewa tsuntsun da ya ci monak yakan yi amai, kuma daga ranar ba ya sake kusantar mai irin wannan launi.

Har ila yau, ba ƙwaro guda ne ke yin tafiyar zuwa da dawowa ba. Waɗanda suka yi hunturu a Meziko kan taso a watan Maris, su saka ƙwai a jihar Texas da maƙwabtanta, sannan su mutu. 'Ya'yansu da jikokinsu, waɗanda kowannensu bai fi 'yan makonni yake yi a duniya ba, su ne ke ci gaba da nausawa arewa. Sai zuriya ta huɗu ce ke komawa kudu, zuwa dajin da ba ta taɓa gani ba, kuma ita takan rayu har wata takwas.

Ke nan a kowane zango sai an sami tsiron. Duk inda ya ɓace, to, zuriyar ta yanke a nan.

Me ya faru da tsiron?

A da, tumfafiyar Amurka na fitowa da kanta a tsakanin kunyoyin masara da waken soya a jihohin tsakiyar ƙasar, irin su Iowa da Illinois da Minnesota.

Daga shekarar 1996 aka fara sayar da irin shuka da aka sauya wa ƙwayoyin halitta domin ya jure maganin kashe ciyawa na gilaifoset. Wannan ya ba manoma damar yin feshi a kan gona baki ɗaya, ciyawa ta mutu, shuka ta tsira.

Wani bincike da John Pleasants da Karen Oberhauser suka wallafa ya ƙiyasta cewa tsiron ya ragu da kashi 58 cikin ɗari a wannan yanki tsakanin 1999 da 2010.

Ban da wannan, akwai sare itatuwa ba bisa ƙa'ida ba a dajin Meziko, da fari, da guguwar sanyi irin wadda ta hallaka miliyoyin ƙwarin a watan Janairun 2002.

Yadda ake tsara lambun

A shekarar 2005 ne shirin Monarch Watch, wanda Farfesa Chip Taylor ya kafa a Jami'ar Kansas a 1992, ya fara yi wa lambuna rajista a matsayin zangon monak. Ya zuwa 2023 lambunan da aka yi wa rajista sun haura dubu 40, a gidaje da makarantu da wuraren shaƙatawa.

Sharuɗɗan ba su da tsauri. Shirin na ba da shawarar fili mai faɗin akalla murabba'in mita tara, wato kamar ƙaramin ɗaki, a wurin da rana ke haskawa na sa'o'i shida ko fiye a wuni. Dalili kuwa shi ne malam-buɗe-littafi ba ya iya tashi sai jikinsa ya ɗumama.

Abu na farko shi ne tsiron da tsutsa za ta ci, kuma ana son a shuka akalla gindi goma, na nau'i biyu ko fiye, domin kada su tsufa lokaci guda. A nan ne masu lambu da dama ke kuskure: sukan cika fili da kyawawan furanni, ƙwarin su zo su sha su wuce, ba tare da sun sami wurin haihuwa ba.

Inda aka dasa tsiron ma yana da tasiri. Masu bincike a Jami'ar Kentucky sun gano a 2019 cewa lambunan da aka jera tsiron a gefe-gefensu, inda macen za ta hange shi daga nesa, sun fi samun ƙwai da tsutsa ninki biyu zuwa huɗu kan waɗanda aka cakuɗa shi cikin sauran tsirrai.

Abu na biyu shi ne furanni masu ruwan zaƙi. Ana zaɓen waɗanda ba lokaci guda suke buɗewa ba, ta yadda daga watan Afrilu har zuwa Oktoba ba za a rasa fure a lambun ba. Furannin ƙarshen shekara sun fi muhimmanci, domin da su ne masu ƙaura ke tara kitsen da zai riƙe su tsawon hunturu. Akan kuma shuka kowane iri a tattare wuri guda, saboda tarin launi ɗaya ya fi jan hankalin ƙwaro.

Sai kuma ruwa. Malam-buɗe-littafi ba ya sha daga kwano mai zurfi, don haka akan zuba yashi a faranti a jiƙa shi, inda yake tsotsar danshi tare da gishirin ƙasa. Akan ajiye faffaɗan dutse domin shan hantsi, da 'yan bishiyoyi ko shinge da za su tare iska.

Sharaɗi na ƙarshe, wanda ya fi yi wa masu lambu wuya, shi ne barin feshin maganin ƙwari kwata-kwata. Ganyen da tsutsa ta cinye, a irin wannan lambu, shi ne shaidar cewa aiki ya yi kyau. Masana na kuma gargaɗin a binciki dashen da aka sayo, domin akwai magungunan da ke ratsa jikin tsiro su zauna a ganye da fure na tsawon lokaci. A shekarar 2018 Tarayyar Turai ta haramta amfani da uku daga cikin irinsu a fili, saboda illarsu ga ƙudan zuma.

Akwai wani gargaɗin game da wani nau'in tsiron da ya fito daga ƙasashe masu zafi, wanda ake yawan sayarwa saboda kyan furensa. A jihohin kudu ba ya bushewa da hunturu, lamarin da kan sa wasu ƙwarin fasa ƙaura, kuma wata cuta da ke nakasa fukafukansu ta taru a ganyensa. Shi ya sa ake ba da shawarar kowa ya shuka nau'in da ke fitowa a yankinsa tun asali.

Riba biyu

Hasali ma dai malam-buɗe-littafi ba shi ne gwani ba wajen barbarar tsirrai, wato ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan domin shuka ta yi 'ya'ya, aikin da manoman dabino ke yi da hannu. Ƙafafunsa dogaye ne, jikinsa bai cika gogar furen ba. Ƙudan zuma, masu gashi a jiki, su ne ke yin mafi yawan aikin.

To sai dai duk lambun da aka tsara domin malam-buɗe-littafi, mai furanni a kowane lokaci kuma babu feshi, ya zama gidan ƙudan zuma na amya da na daji da sauran ƙwari masu amfani.

Wani rahoto da kwamitin masana na ƙasa da ƙasa kan halittu, IPBES, ya fitar a 2016 ya ce kimanin kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona a duniya sun dogara, ko da a wani ɓangare, kan barbarar da ƙwari da wasu dabbobi ke yi.

Hatsi irin su gero da masara iska ce ke yi musu wannan aiki, amma kankana da kabewa da mangwaro da kaɗanya na buƙatar ƙwari. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma na ƙara yawa da ingancin auduga da riɗi.

Shi kansa monak yana da ɗan'uwa a Afirka, mai kama da shi a launi, wanda ake gani a arewacin Najeriya da Nijar. Tsutsarsa kan ci ganyen tumfafiya, ta tara dafinta a jiki kamar yadda ta Amurka ke yi.

Shin lambu kaɗai ya isa?

Masana dai ba su yi ittifaƙi kan babban musabbabin raguwar monak ba. Wasu, kamar Farfesa Anurag Agrawal na Jami'ar Cornell, na ganin ba rashin tsiron ne kaɗai matsalar ba, domin ƙwari masu yawa na mutuwa ne a kan hanyarsu ta zuwa kudu, saboda ƙarancin furanni da fari da kuma motoci a manyan hanyoyi.

Ko a tsakanin waɗanda suka ɗora laifin kan ɓacewar tsiron, lissafin na da nauyi. Wani nazari da masana na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka jagoranta a 2017 ya ƙiyasta cewa sai an ƙara gindin tsiron fiye da biliyan ɗaya kafin a cimma burin hekta 6, adadin da lambunan gidaje ba za su iya samarwa su kaɗai ba, sai an haɗa da gefen hanyoyi da filayen gwamnati da gonakin da aka bari su huta.

A watan Disambar 2024 hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta gabatar da shawarar a sanya monak ƙarƙashin kariyar dokar tarayya, tare da kira ga jama'a su ci gaba da shuka tsiron da furanni.

Masu goyon bayan lambunan na cewa amfaninsu ya wuce yawan ƙwan da ake sakawa a cikinsu, domin sun sauya yadda mutane ke kallon tsiron da a da ake tumɓukewa. A shekarar 2014 lardin Ontario na Kanada ya cire shi daga jerin miyagun ciyayin da doka ta tilasta wa masu filaye su kashe.