Idan Yaronku Ya Fara Gasar Gudun Dogon Zango

A ƙaramar hukumar Tagriss, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, yara sun saba da doguwar tafiya. Wasu suna bin dabbobi kiwo, wasu suna zuwa rijiya, wasu kuma suna takawa daga ƙauye zuwa makaranta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne malami ya ce muku yaronku ya fi tsaransa gudu, kuma ana so a sa shi gasa. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai gudun gasa daban yake da tafiyar kiwo, domin mai gasa yana matsa wa jikinsa har iyakar ƙarfinsa.

Wannan bayani domin iyaye ne da masu riƙon yaro ɗan shekara 12 zuwa 15. Duk inda aka ce "yaro", har da yarinya ake nufi.

Jikin yaro bai gama ginuwa ba

A kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wuri mai taushi, kamar guringuntsi. Ta nan ne ƙashi yake ƙara tsawo, kuma ba ya gama yin ƙwari sai yaro ya gama girma. Idan gudu ya yi yawa, wannan wuri ne yake fara jin jiki. Shi ya sa yara masu gudu suke yawan kuka da ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko a diddige, ko a ƙwauri.

Hukumomin wasanni sun san da wannan. A gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 18, wadda aka yi ta ƙarshe a Nairobi a 2017, tsere mafi tsawo shi ne na mita 3,000. Gudun fanfalaki kuwa, mai tsawon kilomita 42 da mita 195, na manya ne. Abdou Manzo, wanda ya wakilci Nijar a wannan gudu a wasannin Olamfik na 1988 da 1992 da 1996, magidanci ne a lokacin. Eliud Kipchoge na Kenya ya ci tseren mita 5,000 na duniya a Faris a 2003 yana ɗan shekara 18, amma bai shiga gudun fanfalaki ba sai a 2013, bayan shekara goma. Daga baya ya ci zinariya a Olamfik har sau biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin ya fara

Ku kai shi asibiti a duba shi. Ku gaya wa ma'aikacin lafiya idan yaron yana da amosanin jini, ko ciwon fuka, ko ya taɓa suma, ko yana jin ciwon ƙirji idan ya yi gudu. Ku faɗa kuma idan a cikin dangi akwai wanda ya yi mutuwar farat ɗaya yana matashi. A duba ko yana da ƙarancin jini, musamman bayan damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake yawa.

A fara da kaɗan

- Kwana uku a mako sun isa mai farawa. A bar kwana ɗaya na hutu a tsakani.
- Ya fara da minti 15 zuwa 20, yana haɗa sassarfa da tafiya.
- Yawancin gudunsa ya zama na sannu. Idan ba ya iya magana da abokinsa yana cikin gudu, saurin ya yi yawa.
- Kada ƙarin da za a yi a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Wanda ya yi minti 60 a wannan mako, kada ya wuce minti 66 a mako mai zuwa.
- Gasar kilomita 1 zuwa 3 ta ishe shi a waɗannan shekaru.
- Kada a hana shi ƙwallo da langa da sauran wasanni. Suna ƙarfafa gaɓoɓin da gudu kaɗai ba ya ƙarfafawa.

Ku tuna cewa aikin gida ma gajiya ne. Ranar da yaro ya wuni yana noma ko jan ruwa, ba ranar horo mai tsanani ba ce.

Zafin rana shi ne babban haɗari

A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40 a wannan yanki. Yaron da ya ƙwallafa rai a kan nasara ba ya tsayawa da kansa, ko da jikinsa ya gaza. Ku ne za ku tsayar da shi. Lokacin gudu shi ne bayan asuba ko dab da faɗuwar rana. Kada ya yi gudu daga hantsi zuwa la'asar. Ya sa tufafi marasa nauyi masu farin launi. A lokacin hunturu, idan ƙura ta turnuƙe, a ɗage horon.

Ya sha ruwa mai tsabta kafin gudu da bayansa. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. A watan azumi, idan yaron yana azumi, a rage horo kuma a mai da shi bayan shan ruwa.

Ku tsayar da shi nan take idan kun ga:

- jiri, ko amai, ko ciwon kai mai tsanani;
- tangaɗi ko faɗuwa;
- ruɗewa, ko magana marar kan gado.

Ku kwantar da shi a inuwa, ku sassauta tufafinsa, ku yi ta zuba masa ruwa a jiki kuna yi masa fifita. Idan yana cikin hayyacinsa, ku ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya suma, kada ku ɗura masa komi a baki. Ruɗewa ko suma alama ce cewa rai yana cikin haɗari. Ku ci gaba da sanyaya jikinsa, ku garzaya da shi asibiti.

Abinci da barci

Yaro mai gudu yana ciyar da abu biyu: girma da horo. Ba ya bukatar abinci na musamman daga kanti. Tuwon hatsi da fura da nono suna ba da ƙarfi. Wake da gyaɗa da ƙwai da nama suna gina jiki. Zogale da sauran ganye suna taimaka wa jini. Kada a rage masa abinci wai don ya yi sakayau. A lokacin da rumbu ya yi ƙasa, horon za a rage. Yana kuma bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10 kowane dare.

Ga yarinya, jinin haila ba ya hana gudu. Amma idan ta fara haila, sannan ta ɗauke har wata uku, wataƙila abincinta bai kai yawan gudunta ba. A kai ta asibiti.

Ƙwayoyi

Wasu za su ce wa yaronku taramol yana kashe gajiya. Abin da yake yi shi ne ya rufe ciwo, yaro ya ci gaba da gudu a kan rauni. Yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma iya jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya. Tun daga Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta haramta shi a lokacin gasa. Kada yaro ya sha wani magani domin gudu sai da izinin likita.

Ƙafa da hanya

Takalmi mai tsada ba shi ne gudu ba. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki a birnin Rum a 1960 ba takalmi. Amma shi a kan titi ya yi gudu. A nan akwai ƙarangiya da tsidau da ƙaya, don haka takalmin da ya yi wa yaro daidai ya fi. Gudu cikin rairayi mai zurfi yana gajiyar da agara, kada ya zama na kullum. Ciwon da ya sa yaro ɗingishi, ko ya tsaya a wuri ɗaya fiye da kwana uku, yana bukatar hutu da ganin likita. Mai zazzaɓi ko gudawa kada ya yi gudu sai ya warke sarai.

Aikinku na iyaye

Ku san wanda yake horar da yaronku, da inda ake horon, da lokacin tashi. Yara su yi gudu a ƙungiya. Idan za a tafi gasa Dakoro ko Maraɗi, wani babba da kuka amince da shi ya raka su, kuma a sami mace tare da ƴan mata. Kada ku yarda a rage shekarun yaro a takarda, ko a ƙara. Kada gudu ya hana shi karatu.

Idan ya dawo daga gasa, ku fara tambayarsa lafiyar jikinsa kafin ku tambayi matsayin da ya zo. Idan ya sha kaye, kada ku yi masa gori. Ranar da ya ce ya gaji, ku saurare shi. Yaron da aka bi da shi a hankali yana ɗan shekara 13, shi ne za ku gani yana gudu da ƙarfinsa yana ɗan shekara 20.