Izgar doki daga Norway zuwa Dendi: abin da masu sauraro ke nema a kiɗan tsafi na Turai

A Turai da Amurka akwai masu sauraron wani irin kiɗa mai nauyi, marar gaggawa, wanda ba a yi shi don rawa ba. Reshe ɗaya ana kiransa "dark ambient": amo ne mai zurfi da ake ja da na'ura, kamar iska a cikin kogo. Ɗan Birtaniya Lustmord na cikin waɗanda suka kafa shi, musamman da faifansa Heresy na 1990. Ɗaya reshen kuma yana komawa ne ga al'adun arewacin Turai kafin zuwan Kiristanci.

A wannan reshe na biyu ƙungiyar Wardruna ta yi fice. Einar Selvik ya kafa ta a Norway a 2003, kuma jerin fina-finan Vikings ya kai kiɗanta duniya. Ƙungiyar Heilung, wadda aka kafa a 2014, tana amfani da gangunan fata da ƙasusuwa, tana kuma kiran wasanta na dandali hidimar tsafi. Daga cikin kayan kiɗan Wardruna akwai tagelharpa, wadda tsirkiyarta izgar doki ce, kuma gogawa ake yi.

Mutumin Guéné ko Malanville ba zai ji wannan baƙo ba. Goge ma izgar doki ce a kan ƙoƙo da aka rufe da fatar guza. A yankin Dendi, daga Malanville zuwa Gaya a ƙetaren kogin Neja, goge da ƙwarya su ne ke kiran holley na Zabarmawa da Dendawa, kamar yadda goge da garaya ke kiran iskokin bori a ƙasar Hausa. Kowane iska da kiɗansa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban.

Abin da ke kama mai sauraro a wurare biyun iri ɗaya ne: ɗan gajeren sauti da ake maimaitawa har kunne ya daina jiran sabon abu, jiki ya saki. Bambancin yana ga asali. Mawaƙan Turai suna sake gina sautinsu ne daga tsofaffin rubuce-rubuce da kayan da aka tono, domin an daɗe da daina waɗancan bukukuwa. A nan kuwa kiɗan yana raye, ana koyonsa daga bakin magabata, kuma 'yan bori suna ɗaukarsa hanyar magani.

Sai dai malamai da dama na ƙyamar bori, kuma goge ya daɗe da sunan kayan shashanci. Ba lallai mutum ya yarda da iskoki ba kafin ya ga amfanin naɗar waɗannan take-take tun masu su na da rai. Kamfanin Ocora na Rediyo Faransa ya fitar da faifan kiɗan Dendi na Harouna Goge, amma faifai ɗaya ba ya ɗauke abin da ke kan tsofaffin makaɗa.